Tambaya da Amsa: Launin bangon shafina ya ƙi fitowa

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ina koyon haɗa shafin intanet ne, so nake bangon ya fara da shuɗi daga sama ya dinga washewa har ya koma fari a ƙasa, na rubuta background-color: linear-gradient(blue, white), amma wallahi fari fat nake gani, na goge na sake har na gaji.
Ɗalibi daga Zariya

Amsa: Wa alaikas salam ɗan'uwa. Rubutunka lafiyarsa ƙalau, gurbin da ka ajiye shi ne ba nasa ba. A wajen burauza linear-gradient hoto ne da take zanawa da kanta, shi kuwa background-color launi ɗaya tak yake karɓa, da ka miƙa masa wani abu daban sai a watsar da layin gaba ɗaya kuma ko uffan ba za a ce maka ba, wannan shirun na CSS, wato yaren da ake ƙawata shafi da shi, shi ke cinye wa masu koyo lokaci. Mayar da shi background-image, ko background kawai, za ka ga shuɗinka.

Tunda daga sama zuwa ƙasa kake so ba sai ka faɗi alƙibla ba, dama can haka yake zuwa, wato 180deg. In daga hagu zuwa dama ne sai ka fara da to right ko 90deg kafin launukan.

Bari in riga ka tambaya ta gaba, don nasan tana tafe. In a kan body, wato gangar jikin shafin, ka ɗora kuma rubutun shafin bai da yawa, za ka ga launin yana ta maimaita kansa layi-layi kamar zanen atamfa, saboda hoto ne, tsayinsa na ƙarewa inda rubutu ya ƙare sai ya sake sabo. Ba wa html ɗin, wato uwar shafin gaba ɗaya, min-height: 100%, magana ta ƙare.

Ni abinda ya fi burge ni ma shine in ka tsayar da launi biyu a wuri guda ba sa cakuɗa, a yanke suke fitowa. Gwada wannan: linear-gradient(to right, #008751 33.3%, white 33.3% 66.6%, #008751 66.6%), tutar Najeriya ce za ta fito ba tare da ka ɗora fayil ɗin hoto ko ɗaya ba, mai buɗe shafin ma datarsa ta huta.

Tsofaffin darussan da ke cewa sai ka ƙara -webkit- a gaban linear-gradient kuwa, ƙyale su, lissafin kusurwarsu ma daban ne da na yanzu, ruɗa ka kawai za su yi.