Hutu ya faɗo cikin damina, abokai na ta kira: ina zan je, ina zan bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin jami'a ne, mun samu hutun sati 7 daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Satumba, na dawo gida Kano. Tun kafin in sauke jaka guruf ɗinmu na WhatsApp ya ɗau zafi, 'yan ajinmu na sakandare suna so a je Yankari, 'yan unguwa sun ce fikinik a Tiga, ga bikin abokaina biyu kowanne da anko da dina, ga ƙwallon yamma. Abin da ke hannuna duka-duka dubu 80 ne. Bara haka na yi ta bin kowa, hutu ya ƙare kuɗi ya ƙare na koma makaranta da zazzaɓi, kuma in ka ce in faɗi abin da na yi ba zan iya ba. Tunda ka saba kai ɗalibai yawon buɗe ido, dan Allah ya zan yi bana in mori hutun ba tare da na ɓata da kowa ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ya same ka bara ba rashin kuɗi ba ne ya jawo shi, ka bar wasu ne suka tsara maka hutunka, duk wanda ya fara bugo waya shi ke da ranar. Toh bana kai za ka fara zama da biro da takarda kafin ka amsa wa kowa, kuma abu na farko da za ka rubuta ba sunan wuri ba ne, watan da kake ciki ne. Hutunka ya faɗo tsakiyar damina, Agusta kuma shi ne watan da ruwa ya fi yawa a Kano, lokacin marka ke nan. Akwai wuraren da damina ke ƙara musu kyau, akwai waɗanda take ɓoye abin da ka je gani.

Bari in fara da Yankari tunda ita ce za ta fi cin kuɗin. Ina son wurin nan sosai, na sha kai yara, amma in dai don ganin giwa da ɓauna za ku je to Agusta ba lokacinsa ba ne. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, da rani ruwa yana ƙafewa ko'ina sai dabbobin su taru a bakin kogin Gaji, shi ya sa daga Janairu zuwa Afrilu ake ganinsu cikin sauƙi. Da damina kuwa kowane kwari akwai ruwa, dabba ba ta da dalilin fitowa, ga ciyawa ta fi tsayin mutum, wasu hanyoyin cikin dajin ma mota ba ta iya bi saboda taɓo. Za ku iya yin awa biyu kuna zagaye ku dawo da hoton gada ɗaya da zabbin daji. Abin da ba ya canjawa shi ne ruwan Wikki, wannan maɓuɓɓuga ɗuminta yana nan wajen digiri 31 rani da damina, dare da rana, kuma garau yake har kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. In wanka a Wikki da kwana cikin daji da hira da tsofaffin abokai kuke nema, to ku je, za ku ji daɗi. In kuma dabbobi ne, ku ɗaga tafiyar zuwa hutun da zai faɗo da rani, ku ci gaba da tara kuɗin a hankali.

Kuma kar wani ya ce maka za a je a dawo rana ɗaya. Daga Kano zuwa Bauchi ta Birnin Kudu da Ningi wajen kilomita 300 ne, daga Bauchi ka ɗau hanyar Gombe ka karya a Dindima, ka isa ƙofar Mainamaji, sannan akwai sauran tafiyar kusan kilomita 40 a cikin dajin kafin ka kai sansanin Wikki. Kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci, biyu ya fi. Ku kira ku tabbatar da ɗaki da farashin shiga kafin ku yi shatar mota, kar ku dogara da abin da wani ya biya shekara biyu da suka wuce, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafin kuɗin mota na jiya ba ya aiki yau. Sannan gwaggon birin wurin nan ba wasa suke ba. A idona wani yaro ya fito daga mota riƙe da ledar burodi, kafin ya rufe ƙofa babban namijin ya zo da gudu ya fizge, ya koma kan dakali ya zauna yana yage ledar da haƙori, yaron ya tsaya hannunsa na rawa. Abinci ya zauna cikin jaka mai zif, ƙofar ɗaki da taga a rufe, kuma kar a ce za a ƙwato abin da suka ɗauka.

In kun yanke zuwa, ku tsaya a Birnin Kudu ko na awa ɗaya ne, a kan hanyarku take. Akwai tsofaffin zanen shanu a jikin duwatsu, Dutsen Habude da Dutsen Mesa, mutane da yawa sun sha wucewa ta garin ba su san da su ba.

Yanzu maganar Tiga. Dam ɗin nan da aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo yana da kyau da damina, ko'ina kore shar, iska mai sanyi, kuma kusa ne, a je da safe a dawo kafin magariba. Wannan na yarda ka je. Amma ina roƙonka da girman Allah kar ka shiga ruwan, kuma ka hana abokanka. Dalili biyu ne. Na farko da damina ruwan ya cika, gaɓar da ka sani da rani ta nutse, inda kake zaton iya gwiwa ne taku biyu gaba rami ne, ga taɓo mai riƙe ƙafa, kuma yawancin samarin da ruwa ke ci ba waɗanda ba su iya iyo kwata-kwata ba ne, waɗanda suka ɗan iya ne a kududdufin unguwa suka ɗauka ko'ina haka yake. Na biyu tsargiya. Ruwan dam da na fadama da na magudanan noman rani shi ne gidan wasu ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar cutar, ba sai ka sha ba, ta fata take shiga, sai bayan makonni ko watanni mutum ya ga jini a ƙarshen fitsari. Tana da magani a asibiti, amma me ya kai ka? In za a shiga kwalekwale a tabbata akwai rigar ruwa ga kowa, in babu a haƙura, kuma kar a cika shi ya wuce ƙima don wai kowa ya fito a hoto.

Akwai wani abu da nake koya wa ɗalibaina wanda zai yi maka amfani duk hutun nan: a ƙasarmu hadari mai ƙarfi daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kuma ya fi haɗuwa daga la'asar zuwa dare. Saboda haka fitar damina ta safe ce. A tashi bayan asuba, a ci abinci da azahar, ƙarfe 3 a fara naɗe tabarmi. In ka ga gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cak na ɗan lokaci sannan ta taso da sanyi da ƙura, mintuna kaɗan gare ku. Kar a fake ƙarƙashin bishiya ɗaya tilo a fili, kar a tsaya kan dutse ko bakin ruwa, cikin mota da gilashi a rufe ya fi aminci daga aradu. Ka riƙa duba hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, kwana ɗaya kafin fita, ba ya faɗa maka minti amma yana nuna maka ranar da ya kamata ka yi hattara. Tafiyar dare kuma ka cire ta gaba ɗaya, in hanya ce da ba ka bi ba kwanan nan ka je tasha ka tambayi direbobin da ke binta kullum, su suka san inda gada ta karye da inda ba a wucewa bayan la'asar.

Abin da nake so ka fi mai da hankali a kai shi ne cikin garin da kake. Ina yawan tambayar 'yan Kano a aji, wa ya taɓa shiga gidan tarihi na Gidan Makama, sai ka ga hannu uku ko huɗu, alhali kullum suna wucewa ta ƙofarsa a adaidaita. Ka ɗauki Asabar ɗaya ku biyar ko shida, ku hau Dala da hantsi bayan an kwana ana ruwa, lokacin ƙura ta kwanta, kana hango Goron Dutse da hasumiyoyin masallacin cikin gari da rufin kwano suna ƙyalli, ƙasan kuma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tasowa. Ku sauko ku ratsa kasuwar Kurmi wadda tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 ake ciniki a cikinta, ku ƙarasa marinar Ƙofar Mata ku tsaya ku ga yadda ake tsoma zane a fito da shi kore-kore iska ta mayar da shi shuɗi a gabanka. Ku rufe da gurasa da tsire, ko masara gasasshiya da dafaffiyar gyaɗa tunda lokacinsu ne. Duk wannan ba zai ci kuɗin anko ɗaya ba, kuma wallahi irin wannan ranar ce ake tunawa, domin kun samu lokacin yin magana da juna. A dina kiɗa ba ya barin ka ji abin da na kusa da kai ke cewa.

Toh ga bikin. Haƙƙin abokinka a kanka shi ne ka halarci ɗaurin aure, ka taya shi hidima, ka ba da gudummawa daidai ƙarfinka. Anko biyu da ɗinki biyu da kuɗin dina biyu za su iya lashe dubu 80 ɗin nan ba ka leƙa ko'ina ba. Ka zaɓi wanda ya fi kusa da kai ka yi ankonsa, ɗayan ka je da wankakkiyar shaddarka. Amma ka faɗa masa da wuri, baki da baki, ba a guruf ba: wane, bana aljihuna ba zai ɗauki anko ba, amma ranar ɗaurin aure ni zan tsaya kan rabon abinci da tarbar baƙi. Abin da ke ɓata zumunci ba cewa a'a ba ne, cewa in sha Allahu ne alhali ka san ba za ka yi ba, a yanka maka yadi, a sa ka a lissafi, ranar biya ka kashe waya.

Kuɗin kuwa ga yadda zan raba da ni ne. Dubu 15 ka ba Hajiya ko wani babba a gida ya riƙe maka, na komawa makaranta ne da ko-ta-kwana, ba ka da su. Abin da ya rage, kusan rabi ya tafi babbar tafiya guda ɗaya tak, ko Yankari ko wata, taura biyu ba ta taunuwa. Sauran a raba tsakanin biki da ƙananan fita. In lissafin Yankari ya fi ƙarfin wannan kason to amsarka ta fito ke nan, Tiga da cikin gari bana, Yankari da rani. Kuma duk fitar da za a yi karo-karo, a naɗa mutum ɗaya ma'aji, a sa ranar rufe biya aƙalla kwana 5 kafin tafiya, ya riƙa turo lissafi kowa na gani. Wanda bai biya ba ranar ba a ƙirga kujerarsa. Na ga tafiyar da mutum 18 suka ce za su, aka yi shatar bas, da asuba mutum 11 suka zo, ragowar kuɗin ya hau kan waɗanda suka cika alkawari, har aka dawo ba mai yi wa wani magana. A tafi da tsabar kuɗi kaɗan ma, a daji sabis yana ɗaukewa tiransifa ta maƙale.

Zazzaɓin bara ma ba tsautsayi kaɗai ba ne. Damina ce lokacin sauro, kuma wanda ke kawo maleriya daga magariba zuwa asuba yake cizo, daidai lokacin da kake zaune a majalisa da gajeren wando har sha biyun dare. Cizon yau sai bayan sati ɗaya zuwa biyu yake zama zazzaɓi, shi ya sa ya tarar da kai a makaranta. Ka sa doguwar riga da safa in za a yi hirar dare, ka kwana a gidan sauro ko a ina ka kwana, in jiki ya yi zafi a yi gwaji kafin a sha magani. Ruwan sha ku tafi da naku, kwalara ma da damina take yawo, abin da aka yanka aka bari a buɗe ƙuda na bi a bar shi.

Sannan kar ka cika kowace rana. A sati ka ware fita biyu, ƙwallon yamma ba na ƙirga ta tunda a unguwa take kuma kyauta ce. Rana ɗaya a sati ta dangi ce, akwai goggo ko kawu da rabonka da su tun Sallah, kuma in su Baba suna da aike ko gona to a fara da nasu, izinin tafiya Bauchi ya fi saurin fitowa ga yaron da aka gani a gida. Satin ƙarshe kuma kar ka sa komai a ciki, na wanki ne da barci da buɗe littafi. Kafin ka kwanta yau ka tura wa 'yan ajinku tambaya ɗaya a guruf: Wikki muke so ko giwa? Amsar da suka bayar ita za ta nuna maka ko a watan nan za a tafi ko sai Fabrairu.