Yaya ake gane kiɗan fim mai kyau?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ake auna aikin makaɗin fim. Zaɓi wuri ɗaya na minti 3, ka kalle shi sauti a kashe, sannan ka maimaita da sauti. Abin da ya ƙaru a ranka shi ne aikinsa. Sa iyafis, domin sifikar waya tana cinye sauti mai kauri.

Gwada da Jaws na 1975, fim ne kan wani babban kifin shak mai kai wa mutane hari. Makaɗin fim ɗin, John Williams, ya ba kifin amo biyu kacal, suna ƙara sauri in ya matso. Inda yara suka yi wasan kifin ƙarya, amon nan bai tashi ba, don kada kiɗan ya yaudari mai kallo. A wasu finafinan kuma, matsalar da ake samu ita ce kiɗa ya danne maganar 'yan wasa.