Ƙaramar kyamara mai araha da hoton fuska: me za ta iya, me ba za ta iya ba?

Wata 'yar'uwa ta rubuto cikin damuwa. Ta daɗe tana tara kuɗi, ta sayi ƙaramar kyamarar aljihu don ɗaukar hotunan mutane, amma bayan mutum kullum tar yake fitowa, babu dishi-dishin nan na hotunan ƙwararru. Ta ce, "Ni ce ban iya ba, ko cutata aka yi?"

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, babu ko ɗaya. Ƙirar kyamarar ce haka. A cikinta akwai ɗan farantin da ke karɓar haske, wato sensa. A irin taki, faɗinsa milimita 6 ne da ɗoriya, tsayinsa 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsanki ba. Na manyan kyamarori kuwa milimita 36 ne da 24. Ƙaramin faranti da gajeren gilashi (wato lens, idon kyamara) yake tafiya, gajeren gilashi kuma na kusa da na nesa duk fito da su yake yi. Ga ƙofar hasken ƙarama: daga wajen f/3.2 take farawa, kina jan zum ta tsuke ta wuce f/6 (lambar f na ƙaruwa, ƙofar na tsukewa, bayan mutum na ƙara fitowa tar).

Amma hoto mai kyau yana hannunki. Kada ki matsa dab da fuska, don nan ne hanci yake kumbura, kunnuwa su ƙanƙance. Ja da baya taku uku ko huɗu, ki jawo mutumin da zum. Ki raba shi da bango, ya yi nisa da shi sosai. Ki zaunar da shi kusa da taga, hasken ya bugi gefen fuskarsa, ko a inuwa da safe ko da la'asar. ISO kuma, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske in wuri ya yi duhu, kada ya wuce 400, in ba haka ba fata za ta yi ƙura-ƙura. Ki gwada mako guda, za ki ga bambanci.

Wani malami kuma ya ga kyamara a intanet, babu sunan kamfani a jikinta, an rubuta megafiksel 64 (wato ɗigon hoto miliyan 64), bidiyon 4K, zum 16, kuma ta fi kowacce araha. Yana tambaya ko ta fi Canon mai megafiksel 20.

Malam, kada ka saya. Wannan tambayar ta fi kowacce yawan zuwa mini, kuma tana ƙona mini rai, domin masu ƙaramin ƙarfi ake cuta da ita. Ana yi wa rogo kallon kitse. Yawancin irin waɗannan, hoton da suke ɗauka na gaskiya ƙarami ne, sai manhajar ciki ta hura shi ya kai lambar da aka buga a kwali. Ka buɗe shi a kwamfuta ka matso: gashin gira ya narke, fata ta zama kamar an shafe ta da fenti, ƙwayar ido babu ƙyalli. Zum ɗin ma na bogi ne. Ka kunna ka lura, in gilashin bai motsa ba, yanka hoton kawai take yi tana faɗaɗawa. To wa ma ya ce kana buƙatar 64? Hoto mai inci 8 da 10, a wanke shi fes, megafiksel 7 da ɗoriya ya ishe shi. Lambar da ya kamata ka nema ita ce girman sensa, kuma ita ce suke ɓoyewa. Ana yawan haɗa su da katin memori na kyauta, shi ma ka yi hattara: jabu yakan nuna yana da wuri mai yawa, sai ka cika shi ka tarar hotunan sun lalace. Ranar da ta wuce ba a sake ɗaukar hotonta. Araha ba ta ado.

In hoton fuska ne gabanka da gaske, ka ƙara haƙuri ka nemi tsohuwar Canon ko Nikon mai canjin gilashi, ka ɗora mata gilashin milimita 50 mai f/1.8, mai faɗin ƙofar hasken da ke sa bayan mutum ya yi dishi-dishi. In kuma dole sai ta aljihu, nemi mai sensa mafi girma da ake kira inci ɗaya, irin Sony RX100 da ta fito a 2012. Ta hannu ce, don haka ka duba gilashin a haske ko akwai ƙarzuwa ko hazo, ka tabbata zum yana fita yana komawa ba cijewa, batirin kuma bai kumbura ba.

Wani ya ce da dare idanun mutane ja suke fitowa. Filashar ce, ta yi kusa da gilashi. Kashe ta, ka ƙara fitila a ɗakin.

Wata ta ce fuskoki suna yin duhu in akwai haske a baya. Kyamarar hasken bayan take aunawa. Nemi maɓalli mai alamar +/-, ki ƙara zuwa +0.7 ko +1, musamman ga mai duhun fata.

Mai tambayar wace kalar kyamara ce ta fi fitar da hoto, baƙa ko ja: kalar jiki ba ta shiga hoto. Ɗauki wadda ka ga dama.