Tambayoyinku: Me zan ci a gidan abincin unguwa a Roma?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Maigida yana karatu a Roma, wata biyu kenan da na biyo shi, kullum sai ya ce mu fita cin abinci a wani ƙaramin gidan abinci da ke layinmu, ni kuma tsoro nake kar in ci alade ban sani ba. Ya zan yi?
Mai karatu daga Roma

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata. Tsoronki yana kan hanya, amma ki fita ku ci, kar ki kulle kanki a ɗaki saboda wannan. Irin wannan wurin su suna ce masa trattoria, yawanci na iyali ne, ba tsada kamar ristorante, wato babban gidan abinci, kuma mai kawo abincin ya san abin da ke cikin kowace tukunya, in kin tambaya zai gaya miki.

Inda ake faɗawa shi ne taliya, don mu mun saba taliya ba ruwanta da komai. To a Roma ba haka ba ne. Carbonara da amatriciana da gricia, waɗanda su ne suka fi suna a garin, duk da guanciale ake yin su, wato naman kumatun alade da aka yi wa gishiri aka shanya, kuma kitsensa ne man girkin gaba ɗaya, dan haka ko an ce za a tsince miki naman kar ki yarda. Haka pancetta, prosciutto, salame, speck, duk alade ne. Miyar ragù ma sau da yawa ana haɗa naman sa da na alade har a zuba giya. Akwai kuma strutto, man alade ne da ake sawa a wasu burodi da kayan fulawa, shi ne ya fi ba ni haushi wallahi don ido baya ganinsa.

Abin da za ki ci da kwanciyar hankali yana da yawa. Cacio e pepe taliya ce da cukun tumaki da masoro kawai. Pasta al pomodoro tumatir ne da man zaitun. In kina kewar yaji ki nemi taliyar arrabbiata ko aglio olio e peperoncino, duk da dai yajinsu bai kai na gida ba. Pizza margherita tumatir ce da cuku da ganyen basilico. Kifi gasasshe ma lafiya, amma ki tambaya ko an sa farar giya, haka tiramisù, wani kayan zaƙi, wasu na zuba masa. Ki haddace kalmomi biyu: "senza maiale" ba alade, "senza vino" ba giya.

Takardar abincin za ki ga an raba ta, antipasto (abin taɓawa kafin abinci), primo (taliya ko shinkafa), secondo (nama ko kifi), contorno (kayan lambu na gefe), dolce (kayan zaƙi). Ba dole sai kin ci duka ba, primo ɗaya da salak ya isa. Ruwa kuma za a tambaye ki naturale ko frizzante, na biyun mai gas ne. Kar ku je ƙarfe 6 na yamma, yawanci sai 7:30 suke buɗewa da dare, kuma ba a kawo lissafin kuɗi sai kun ce "il conto".

Naman sa da kaza kuwa a irin wuraren nan ba yankan Musulmi ba ne. In nama kike so ki shiga kasuwar Esquilino kusa da tashar jirgin ƙasa ta Termini, akwai mahauta masu halal, ki saya ki dafa a gida.