Malt da madara ba ya ƙara jini, kuma shi ma lemo ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Daga Daura nake rubuto miki. Maigidana yana da shago a kasuwa, kullum sai ya sha lemon kwalba biyu saboda zafi, watan jiya aka gwada shi aka ce sugan shi ya fara hawa amma bai kai ga ciwon ba tukuna. Yanzu ya bar lemo ya koma malt, wai shi ba lemo ba ne. Ni kuma ina da ciki wata biyar an ce jinina yai ƙasa, shi ne surukata take haɗa min malt da madarar gwangwani kullum da yamma. Wallahi hankalina a tashe yake don mahaifin shi ciwon suga ne ajalin shi. Me za mu dinga sha?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ji ƙan Baba, ke kuma Allah ya raba lafiya. Ki ɗan kwantar da hankalinki, matakin da maigidan yake kai shi ne wanda ake iya juyawa, mutane da yawa sugansu yana komawa daidai in sun gyara ci da sha, sun rage teɓa, suna ɗan tattaki. Amma ba da malt ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sugan da babba zai sha a yini kada ya wuce kamar giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12, in ya iya tsayawa a 6 ya fi. Lemon kwalba yawanci akwai suga wajen giram 10 a kowane mililita 100, kenan robar 50cl, wato rabin lita, guda ɗaya ta cinye kason yinin gaba ɗaya, shi kuma biyu yake sha, ba a ma lissafa shayin safe ba. To ki ɗauko gwangwanin malt ɗin nan ki juya bayansa ku karanta tare, za ki ga sugan da ke ciki kusan ɗaya ne da na lemon, wani ma ya fi. Launi ne kawai ya bambanta da kauri.

Maganar ƙarin jini kuwa ita ce ta fi ci min rai, don babu ranar da zan zauna aiki ban ji ta ba. Mace ta haihu ta zubar da jini, 'yan dubiya su shigo da katan ɗin malt. Yaro ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro idonsa fari fat, a ba shi malt da madara. Mai sikila, malt da madara. Har wasu masu kemis da ya kamata su san gaskiya su ne suke cewa je ki haɗa mishi, saboda suna sayarwa a firij ɗinsu. Jini sinadarin ayan, wato sinadarin ƙarfe, yake buƙata kafin ya ƙaru, malt ba shi da wani ayan na kirki, madara ma ba ta da shi, kuma sinadarin kalsiyam da ke cikin madarar yana ma rage wa hanji ɗaukar ayan ɗin in an haɗa su lokaci guda. Ƙarfin nan da mutum yake ji bayan ya sha, suga ne ya hau, awa ɗaya biyu ya sauka, jinin yana nan inda yake. Wai don abin baƙi-baƙi ne yana da kauri sai aka ce ya yi kama da jini, to ai baƙin mai na inji ma haka yake.

Kuma ba kuɗin da ake ɓarnatarwa ba ne yake damuna, lokacin ne. Mai ciki za ta yi wata biyu tana shan haɗin nan ta ajiye jan maganin da aka ba ta wajen awo wai yana sa ta tashin zuciya ko yana sa ɗa ya yi girma, ranar haihuwa a auna PCV, wato gwajin yawan jini, a ga ya faɗi, a shiga neman wanda zai ba da jini cikin dare. Ba a kuma binciki abin da ke cinye jinin ba, ko maleriya ce, ko tsutsar ciki, ko rashin abinci. Don Allah ki ci gaba da shan maganin ayan da folik asid ɗinki, in yana damunki ki sha da daddare bayan abinci, kada ki kora da shayi ko madara. Kuɗin malt da madarar nan ki sayi hanta kaɗan sau ɗaya a sati (kaɗan fa, mai ciki ba ta cika hanta), nama, wake, kwaɗon zogale, miyar alayyahu, ki bi da goba ko lemon zaƙi na ɓarewa don shi yake taimaka wa jiki ya ɗauka. Mama kuwa ƙauna ce ta sa take haɗa miki, kada ki yi mata musu, ki ce a asibiti aka hana. Ki kuma roƙa a gwada miki suga tsakanin sati 24 zuwa 28, akwai sugan da ciki yake tayarwa.

Abin sha kuma, ruwa ne na farko, ba ni da abin da zan ƙara a kai. Maigida ya ajiye kula ko randa a shago, in bakin shi yana son ɗanɗano ya matsa lemon tsami. Zoɓo da citta da kanumfari ki dafa a gida, ki dinga rage sugan sati bayan sati har harshe ya saba, ke dai ki ɗan ja baya da zoɓon sai kin haihu. Nono ko kindirmo ba suga yana da kyau, fura a dama 'yar kaɗan don ita ma gero ce, tana komawa suga a jiki. Kunun aya na gida da dabino biyu uku ya isa. Amma na robar da yara suke yawo da shi a kasuwa, zoɓo ne ko kunun zaƙi, kada ya ce ai na gargajiya ne, na ga ana zuba suga da gwangwani a bokiti, ga robar tsintowa aka yi. Lemon kwali mai hoton 'ya'yan itace shi ma suga ne, zuma ma suga ce a wajen jini, ko me mai mota da lasifika zai faɗa ranar kasuwa.

Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai suga a 2022, wato naira 5 a robar 50cl, wa wannan zai hana sha? Don haka kada ku jira wani ya hana ku. Maigida ya koma a sake gwada shi bayan wata uku, da safe kafin ya ci komai, in ya kai 7.0 ko sama da haka a ma'aunin suga na mmol sai ya ga likita a asibiti, ba mai kemis ba, kuma ya tafi da takardar gwajin farko a hannunsa.