Me Ya Sa Ake Adawa da Bututun Iskar Gas?

Tambaya: Malam, me ya sa jama'a ke ƙin a shimfiɗa bututun iskar gas kusa da gidajensu? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Malama, dalilin farko shi ne tsoron gobara, musamman inda bututun ya ratsa unguwanni masu cunkoso. Sai dai a ganina batun diyya ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya, domin Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta tanadi biyan kuɗin gini da amfanin gona ne, ba darajar filin ba, kuma manomin da bututu ya ratsa gonarsa ta gado ba ya da ikon yin gini a kan layin. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya kai kilomita 614, don haka gonakin da abin ya shafa suna da yawa.