Ƙatuwar dabbar rafukan duwatsun China: ƙadangare ce ko kifi?

Malam, ka ce ka ga hoton wata ƙatuwar dabba mai faffaɗan kai a rafin dutse a China, kana son sanin ko ƙadangare ce, da kuma inda take rayuwa. To, ba ƙadangare ba ce, ba kuma kifi ba. Salamanda ce, 'yar uwar kwaɗo. Ajinsu ɗaya, Amphibia, wato ajin dabbobin da ke rayuwa a ruwa da tudu, sai dai ita tana cikin masu wutsiya, rukunin Urodela, dangin Cryptobranchidae. Sunanta na kimiyya Andrias davidianus, kuma tsawonta na iya kaiwa mita 1.8.

Ka duba gefen jikinta da kyau, za ka ga fata ta yi tamoji-tamoji. Ta fatar nan take shaƙar iska a cikin ruwa, shi ya sa ba ta zama sai a rafi mai sanyi, mai gudu, garau. Idanunta 'yan mitsi-mitsi ne, ko fatar ido babu.

Asalin mazauninta rafukan da ke kwarara cikin kogunan Yangtze, Huang He da Zhu Jiang. A 2019 masana suka ware ta kudancin China a matsayin jinsi daban, Andrias sligoi. Japan na da tata, Andrias japonicus, a yammacin tsibirin Honshu da tsibiran Shikoku da Kyushu, wadda doka ke karewa tun 1952. Akwai ƙaramar 'yar uwarsu a gabashin Amurka.

Ni dai ina zargin hoton naka daga gonar kiwo yake, domin a daji ta kusa ƙarewa saboda farautar namanta, alhali a gonakin lardin Shaanxi ana kiwonta jingim.